Idan zuciya ta ce maka sojan gona kake yi: yadda ake magance jin "ban cancanta ba" a wurin aiki

Zariya gari ne na masu takarda. Daga Samaru zuwa Kongo, daga asibitin koyarwa na Shika zuwa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da wanda ake kira Dakta ko Injiniya ko Barista ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa cikin masu waɗannan laƙubba suna kwana da fargaba guda: wai ba su kai yadda ake ganinsu ba, sa'a ce ta kai su inda suke, kuma wata rana asiri zai tonu. Takardun mutum na gaske ne, jarrabawa da guminsa ya ci ta, amma zuciyarsa tana ce masa sojan gona yake yi.

Masana halayyar ɗan Adam suna kiran wannan imfosta sindirom. Wasu masana biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, su suka fara bayyana shi a 1978, bayan sun yi aiki da mata fiye da 150 da suka yi fice a karatu da aiki, amma suna ganin yaudarar mutane suke yi. Daga baya aka gano maza ma haka abin yake. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara bincike 62 kan mutane sama da 14,000, ya samu yawan masu fama da shi daga kashi 9 har zuwa kashi 82 cikin ɗari, ya danganta da waɗanda aka tambaya da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ba ya cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da likitoci ke aiki da shi, don haka babu ƙwayar maganinsa a kemis. Ɗabi'ar tunani ce, kuma da aiki ake sauya ta.

Fara da gane yadda abin ke zagayawa

Clance ta nuna cewa abin yana bin zagaye ɗaya. An ba ka aiki, a ce gabatar da takarda a taron sashe ko rubuta rahoton wata uku. Sai zullumi ya taso. Daga nan ɗayan biyu: ko ka yi shirin da ya wuce ƙima, ka kwana uku ido biyu kan abin da awa huɗu za su isa, ko ka yi ta jan ƙafa sai ana gobe ka yi shi a gurguje. Aikin ya yi kyau, an yaba. Ka ɗan sarara kwana ɗaya. Sai fassara ta biyo baya. Wanda ya yi shirin wuce ƙima zai ce, "Ai don na kashe kaina ne, mai basira ba ya bukatar wannan wahala." Wanda ya ja ƙafa zai ce, "Sa'a na taka, ba su lura ba." A duka biyun nasarar ba ta shiga lissafi ba, sai aiki na gaba ya same ka da tsoron da ya fi na da.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙarin digiri ko ƙarin girma ba sa warkar da shi. Mutum zai ce idan na gama digiri na uku hankalina zai kwanta. Ya gama, sai tsoron ya bi shi sabon ofis.

Ka ɗauki ayyuka uku na baya-bayan nan da aka yabe ka a kansu, ka rubuta a takarda: wace hanya ka bi cikin biyun, kuma me ka gaya wa kanka bayan yabon. Galibi za ka ga hanya ɗaya kake maimaitawa, kuma ita za ka yi wa aiki. Idan kana son awo, akwai ma'aunin da Clance ta fitar a 1985, ana samunsa a intanet. Tambayoyi 20 ne, kowace da maki 1 zuwa 5. Maki 40 zuwa ƙasa kaɗan ne, 41 zuwa 60 matsakaici, 61 zuwa 80 yana yawan damunka, sama da 80 ya yi tsanani. Amfaninsa shi ne ka cika yau, ka sake cikawa bayan wata uku, ka ga ko ana motsi.

Raba tsoro da giɓin gaskiya

Nan ne aikin yake, kuma nan masu ba da shawara suka fi yin kuskure. Su kan ce wa mutum, "Kai gwani ne, daina tunani." Wannan ba ya aiki, don shi ya san akwai abubuwan da bai iya ba. Wasu lokutan ma giɓin na gaske ne. Sabon malamin jami'a yana iya zama bai iya nazarin alƙaluma da manhajar kwamfuta ta SPSS ba. Sabon jami'in mulki yana iya zama bai san yadda ake rubuta minti, wato ɗan bayanin da jami'i ke yi wa na gaba, a fayil ba. Matsalar ita ce zuciya tana ɗaukar giɓi guda ta shafa wa mutum gaba ɗaya.

Ka nemo takardar ɗaukarka aiki da tsarin aikin matakinka, ko fom ɗin auna ƙwazo na shekara da ofishinku ke cikawa. Ka fitar da ayyuka takwas zuwa goma da ake tsammani daga mai matsayinka. Ka lura, matsayinka na yau, ba na ogan da ya shekara ashirin ba. Lakcara II, wato ƙaramin malamin jami'a, ba a auna shi da Farfesa, likitan da ke shekararsa ta sanin makamar aiki ba a auna shi da kwansaltan. Gaban kowane aiki ka sa alama ɗaya cikin uku: ina yin sa ni kaɗai, ina yin sa da taimako, ban iya ba tukuna.

Yawancin masu wannan fargaba idan suka yi haka da gaskiya sukan tarar rukuni na uku bai wuce abu ɗaya ko biyu ba. Waɗannan sai a ba su suna da lokaci. "Ban iya komai ba" ba shi da magani. "Ban iya haɗa jadawalin kasafi a Excel ba" yana da magani: awa ɗaya, sau uku a mako, na mako shida, tare da wanda ya iya, kuma a kan fayil ɗin aikinka na gaske. Kada ka ɗauki giɓi fiye da ɗaya a lokaci guda. Masu wannan hali suna da son tara kwasa-kwasai da satifiket, su yi rajistar biyar su gama babu, sai abin ya zama sabuwar hujjar raina kai.

Inda wannan mataki ke lalacewa shi ne wajen sa alama. Mutum zai sa "da taimako" kan aikin da sau ɗaya kawai ya taɓa yin tambaya a kansa. Ƙa'idar ita ce: idan ka yi shi sau uku an karɓa ba a dawo maka da shi ba, ka iya.

Littafin shaida

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu, ko ka buɗe fayil a waya. Kowace Juma'a kafin a tashi, minti goma. Layi huɗu ga kowane abu: kwanan wata, aikin, abin da kai da hannunka ka yi, da abin da ya biyo baya. Misali: "Na gano kuskuren jimla a takardar albashi kafin a kai wa akanta, an gyara." Ko: "Na sa wa yaro layin ƙarin ruwa a gwaji na farko." Abu uku a mako sun isa.

Abubuwa biyu ke ɓata shi. Na farko, jiran babban abu. Idan sai lambar yabo za ka rubuta, littafin zai zauna fari. Na biyu, ƙara "amma" a ƙarshen layi: amma ai aikin mai sauƙi ne, amma ai Malam wane ya duba min. An hana "amma" a wannan littafi. Idan wani ya taimaka, rubuta abin da ya yi, ka rubuta naka daban. Kuma kada ka rubuta sifa irin "na yi ƙoƙari". Rubuta abin da wani zai iya zuwa ya duba ya tabbatar.

Dalilin rubutun shi ne ƙwaƙwalwa ba adala ba ce a nan. Mai wannan hali kamar mai awo da mudu biyu ne, kuskurensa da babban mudu, nasararsa da ƙarami. Gyaran da shugaban sashe ya yi masa a gaban mutane shekara biyu da suka wuce yana nan daram, abubuwa hamsin da ya yi daidai a wannan wata sun shuɗe. Ka karanta littafin a daren da za ka shiga intabiyu ko kare kundin digiri. Ga kuma riba ta gefe: ranar cika fom ɗin ƙarin girma ba za ka zauna kana cizon biro ba.

Yadda ake neman ra'ayin na gaba

A yawancin ofisoshinmu oga ba ya yabo. Idan aiki ya yi kyau sai ya sa hannu ya wuce, idan ya yi yawa ya ce "ba laifi". Mai fargaba kuwa shirun nan yake fassarawa da cewa an gano shi. Shirun oga a al'adar aikinmu yawanci alamar karɓa ce. Da akwai matsala da ka ji.

Idan za ka tambaya, kada ka ce, "Ranka ya daɗe, yaya kake ganin aikina?" Amsar da za ka samu ita ce "Ai kana ƙoƙari," kuma ba za ka yarda da ita ba. Ka kai aiki guda, ka yi tambaya mai iyaka: "Malam, a wannan rahoto, wane sashe ne ya yi daidai in ci gaba da yin sa haka, wane guda ɗaya kuma zan gyara kafin na gaba?" Ka nemi minti goma, a lokacin da ba shi da baƙi, ba a bakin mota yana shirin tafiya ba. Ka rubuta amsar a gabansa. Sau ɗaya a wata ya isa. Mai zuwa kullum neman a kwantar masa da hankali yana gajiyar da mutane, kuma natsuwar da yake samu ba ta wuce yini.

Bayan na gaba, ka nemi sa'anka ɗaya ko biyu da kuka fara aiki tare, waɗanda ka amince da bakinsu. Ka faɗi abin a fili. Tun aikin farko na Clance da Imes an lura cewa zama cikin rukuni yana taimakawa, saboda mutum yana jin wanda yake ganin ya fi shi yana faɗin irin tsoronsa. Sai dai a zaɓi mutum. Ofis wuri ne na gasa, kuma ba kowa ake buɗe wa ciki ba.

Gwajin rage shiri

Idan kai mai shirin wuce ƙima ne, zuciyarka ta yarda cewa wahalar nan ce kaɗai ke rufa maka asiri. Magana ba ta rushe wannan, sai gwaji. Zaɓi aiki marar haɗari: laccar da ka taɓa koyarwa, memo na cikin gida, bayanin taron mako. Duba awa nawa ka saba kashewa, ka rage kashi ɗaya cikin uku. Idan awa shida ne, huɗu. Sa ƙararrawa a waya, in ta buga ka rufe. Kafin ka miƙa, rubuta abin da kake tsoron zai faru. Bayan an gama, rubuta abin da ya faru. Maimaita sau huɗu ko biyar kafin ka yanke hukunci. A karon farko za ka ji ba daɗi sosai, wannan ba alamar gwajin ya gaza ba ce.

Iyaka a nan a bayyane take. Ba a wannan gwaji a kan lissafin maganin majiyyaci, ko duba injin jirgi, ko takardar da kuɗi za su fita a kanta. Can sake dubawa ƙa'idar aiki ce.

Mai jan ƙafa kuwa nasa daban ne. Ranar da aka ba ka aikin, ka zauna minti 25 ka rubuta daftari mummuna da gangan. Ka yi wa wani abokin aiki alkawarin nuna masa kwana uku kafin ranar miƙawa. Abin da ke hana ka farawa tsoron kada abin ya fito ba cikakke ba ne, to ka fara da marar kyan, gyara ya fi ƙirƙira sauƙi.

"Ban sani ba" da kuma amsa yabo

Babban abin da mai wannan tsoro ke gudu shi ne a yi masa tambaya a gaban jama'a ya rasa amsa. Ka haddace jimla guda tun kafin ranar: "Wannan ban tabbatar ba, zan duba in kawo amsa ranar Laraba." Sai ka kawo ranar Laraba. Sanya rana shi ne abin da ya raba wannan da zillewa. A garin da aka san darajar malanta wannan ba baƙon abu ba ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba", kuma ba a rage masa komai ba. Wanda ya ƙirƙiro amsa don kada ya ji kunya, shi ne ya fara aikin sojan gona na gaske.

Yabo kuma yana zuwa da nasa rikicin a wurinmu. An tarbiyyantar da mu da kunya da tawali'u, ana tsoron riya da jiji da kai, wasu kuma suna tsoron baki. Don haka idan aka ce "Aikinka ya yi kyau," sai a ce "A'a wallahi, ba komai na yi ba, sa'a ce." Jingina ni'ima ga Allah daidai ne. Ƙaryata cewa ka yi aikin kuwa wani abu ne daban, kuma idan ka maimaita shi sau ɗari kunnenka zai gaskata bakinka. Ka ce, "Alhamdu lillahi, na gode," ka yi shiru. Idan wasu sun sa hannu, ka ambace su da abin da suka yi: "Ni na rubuta, Hajiya ta haɗa alƙaluman." Babu alfahari a ciki, babu kuma ƙarya.

"Ai hanya ce ta kawo ni"

Akwai nau'i biyu na wannan tsoro da suka fi kama mutanenmu. Ɗaya shi ne na wanda wani babba ya sa masa baki aka ɗauke shi, ko wanda ake yi wa gorin cewa kason jiha ne ya shigar da shi. Ko da hakan gaskiya ne, yadda aka shiga tambaya ɗaya ce, yadda ake aikin tambaya ce ta biyu. Wanda ya kai sunanka ba shi ke shiga aji ya koyar ba, ba shi ke duba majiyyaci da ƙarfe biyun dare ba. Tambaya ta biyu ce littafin shaida ke amsawa. Idan kuma ka duba ka ga lallai akwai giɓi, ka koma matakin cike shi.

Na biyu shi ne Turanci. Mutum ya san aikinsa sarai, amma saboda harshensa yana juya "p" da "f", ko bai da saurin magana irin na wanda ya tashi a Legas, sai ya yi gum a taro. Karin harshe ba ma'aunin ilimi ba ne, kuma kowane ɗan Nijeriya da nasa. Abin yi: kafin taro ka rubuta magana ɗaya da za ka faɗa, jimla biyu ko uku, ka faɗe ta cikin minti goma sha biyar na farko. Idan ka jira, tsoron ƙaruwa yake, wani kuma zai riga ka faɗa. Idan rubutun Turancin ne ke da rauni da gaske, to giɓi ne mai suna, ana gyara shi da rubutu da mai dubawa.

Kada ka cire kanka da kanka

Asarar da ta fi girma ba a ganinta: gurbin da ba a nema ba, tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da ba a cika fom ɗinsa ba, takardar da ta shekara a kwamfuta ba a aika wa mujalla ba. A aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin mataki na 07 zuwa 14 yana bukatar aƙalla shekara uku kafin ya shiga layin ƙarin girma, na 15 zuwa 17 shekara huɗu. Wanda ya bar zagaye ɗaya ya wuce don "bai shirya ba" ya jinkirta duk abin da ke gaba. Ƙa'ida mai sauƙi: ka karanta sharuɗɗan da aka rubuta. Idan ka cika su, ka miƙa. Tantancewa aikin kwamiti ne, kada ka yi musu shi a ɗakinka. Takardar da mujalla ta dawo da ita da gyare-gyare kuwa abu ne da ke samun manyan farfesoshi ma.

Wani lokaci matsalar ba a kanka take ba

Idan mace ce kaɗai a sashen injiniyoyi, ana katse ta duk lokacin da ta buɗe baki, ko ana kiran sa'anta namiji Dakta ita kuma a ce mata "nas" alhali likita ce, shakkar da take ji tana da tushe a waje. Haka wanda ogansa ke tozarta shi a gaban na ƙasa da shi. Alamar ganewa: shin a ko'ina kike jin haka, ko a gaban mutum ɗaya da ofis ɗaya? Idan na biyun ne, ki riƙa rubuta abin da ya faru da kwanan wata, ki nemi wata babba a fannin ko da a wata ma'aikata take, ki san hanyar kai ƙorafi ta wurin aikinku da ta ƙungiyarku. Littafin shaida a nan kariya ne.

Lokacin ganin likita

Binciken da aka yi ya nuna wannan hali yakan zo tare da ciwon damuwa, da fargaba mai tsanani, da ƙonewar ƙarfi saboda aiki. Idan ka yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci kusan kullum, barci ya lalace, abinci ya fita ranka, abin da ke ba ka sha'awa ya daina, ko gabanka yana faɗuwa har ka kasa shiga ofis, abin ya wuce littafi da biro. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Idan tunanin cutar da kai ya zo, a ranar za ka gaya wa wani na kusa ku je asibiti. Ka guji sayen maganin barci ko tiramadol a kemis don ka iya fuskantar aiki, dogaro da su yana shiga da sauri kuma ya fi matsalar farko wuyar fita.

Ga shugabannin sashe kuma, gyaran ba shi da tsada. Sabon ma'aikaci a gaya masa a rubuce abin da ake tsammani daga gare shi a wata shida na farko. Idan ya yi daidai a faɗi takamaiman abin da ya yi daidai, jimla ɗaya ta isa. Gyara a yi shi a ofis, ƙofa a rufe. Wanda kuka ga yana kwana a ofis kan ƙaramin aiki, ko bai taɓa neman komai ba alhali ya cika sharuɗɗa, ku kira shi ku miƙa masa fom ɗin, ku sa masa ranar da zai dawo da shi.